Yadda ake tantance nau'in abu a JavaScript, harshen da gado ke bin samfuri

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhaja da JavaScript ya san lokacin da ƙima za ta faɗo hannunsa daga wani wuri, ko daga sabar intanet, ko daga kod ɗin da wani ya rubuta, kuma kafin ya taɓa ta dole ne ya san ko wace iri ce. Idan ya ɗauka jeri ce alhali rubutu ce, manhajar na iya tsayawa cak, ko kuma ta ci gaba da aiki tana fitar da sakamakon ƙarya ba wanda ya lura, wanda hakan ya fi muni. A harsuna irin su Java da C#, kowane abu daga aji (`class`, wato zanen da ake gina abubuwa da shi) ake haifarsa, kuma wannan ajin shi ne nau'insa har ƙarshen rayuwarsa. A JavaScript kuwa, kalmar nau'i tana ɗauke da ma'ana aƙalla huɗu: rukunin da harshen kansa ya sanya ƙimar a ciki, da zuriyar da abin ya fito daga cikinta, da yadda aka ƙera cikinsa, da kuma abin da yake iya yi. Kowace ma'ana da kayan aikinta, kuma mafi yawan kurakuran da na gani a wannan fanni sun taso ne daga mutum ya yi tambaya ɗaya amma ya ɗauki kayan aikin da ke amsa wata tambayar daban.

Kafin a shiga kayan aikin, yana da kyau a san yadda gado ke tafiya a wannan harshe. Tunanin gina harshe a kan samfuri ya shahara ne da harshen Self, wanda David Ungar da Randall Smith suka tsara a cibiyar bincike ta Xerox PARC a tsakiyar shekarun 1980, kuma daga can Brendan Eich ya aro shi lokacin da ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape a 1995. A wannan tsari kowane abu yana riƙe da ɓoyayyar igiya zuwa wani abu, wanda shi ne samfurinsa. Idan aka nemi wata sifa a jikin abu ba a same ta ba, sai a tafi wurin samfurinsa, in ba ta can a wuce zuwa samfurin samfurin, haka za a yi ta bin salsalar har a kai ga `null`, inda ta ƙare. Ana iya duba igiyar da `Object.getPrototypeOf`, ana kuma iya sauya ta da `Object.setPrototypeOf` alhali manhaja tana cikin gudana, abin da ke nuna cewa zuriyar abu ba kafaffiya ba ce. Kalmar `class` da ta shigo da bugun 2015 na ECMAScript, wato ƙa'idar da ke fayyace harshen JavaScript, ta sauƙaƙa rubutu matuƙa, amma a ƙarƙashinta wannan salsalar ce dai ke aiki.

Ka fara da `typeof`

Matakin farko a kusan kowane hali shi ne `typeof`, wanda ke mayar da ɗaya daga cikin kalmomi takwas: `"undefined"`, `"boolean"`, `"number"`, `"bigint"`, `"string"`, `"symbol"`, `"function"` da `"object"`. Biyu daga cikinsu baƙi ne, domin `symbol` ya zo a 2015, `bigint` kuma a 2020. A kan tsurar ƙima, wato lamba da rubutu da makamantansu waɗanda ba abubuwa ba ne, babu kayan aikin da ya kai shi amana, saboda ba ya duba salsala ko kaɗan, kuma kod ɗin wani ba zai iya sauya amsarsa ba. Idan abin da kake so ka sani shi ne ko an miƙo maka rubutu, `typeof x === "string"` ya wadatar, kada ka nemi wani abu sama da haka.

Sai dai yana da tsohon tabo wanda dole kowa ya san da shi: `typeof null` yana ba da `"object"`. Dalilin yana komawa ga ƙirar farko ta harshen, inda kowace ƙima ke ɗauke da ƙaramar alama da ke nuna rukuninta, alamar abu sifili ce, shi kuma `null` an wakilce shi da sifili zalla, don haka aka karanta shi a matsayin abu. An taɓa kawo shawarar gyara wannan, amma aka ƙi ta saboda gyaran zai karya shafukan intanet masu yawa da suka riga suka dogara da halin. Saboda haka duk lokacin da kake son tabbatar da cewa abu ne na gaske a hannunka, rubuta `x !== null && typeof x === "object"`. Wanda ya manta da rabin farko na wannan layin zai gamu da `TypeError` ranar da ya nemi wata sifa a jikin `null`. In kuma kana so ka haɗa har da fankshin (`function`), tunda su ma abubuwa ne masu sifofi da samfuri, `Object(x) === x` yana ba da `true` ga duk abin da ba tsurar ƙima ba.

Lambobi ma suna da nasu tarko. `typeof NaN` yana ba da `"number"`, alhali `NaN` ƙima ce mai nuna lissafin da bai ba da lamba ba, haka ma `Infinity`, don haka sanin cewa ƙima lamba ce bai isa ya tabbatar maka cewa za a iya lissafi da ita ba. Abin da ya dace a nan shi ne `Number.isFinite`, ko `Number.isInteger` idan cikakkiyar lamba ake bukata. Ka bambanta su da tsofaffin `isNaN` da `isFinite` marasa `Number` a gabansu, domin tsofaffin suna fara juya ƙimar zuwa lamba kafin su yi hukunci, har `isFinite("5")` ya ba da `true` alhali rubutu aka ba shi. Haka kuma `new String("salam")` da `new Number(3)` abubuwa ne masu naɗe da tsurar ƙima, kuma `typeof` zai kira su `"object"`. Shawarata ita ce kada ka ƙirƙire su sam, musamman `new Boolean(false)`, wanda a cikin `if` ake ɗaukarsa gaskiya ne saboda shi abu ne. Wata fa'idar `typeof` ita ce ba ya jefa kuskure a kan sunan da ba a ayyana ba, shi ya sa ake rubuta `typeof window !== "undefined"` don gane ko kod yana gudana a cikin burauza.

Iyakar `typeof` a fili take: jeri, kwanan wata, `Map`, `Set` da duk abin da ka gina daga ajinka, duka `"object"` yake kiransu. Daga nan sai a koma ga tambayar zuriya.

Tambayar zuriya da `instanceof`

```
class AbinHawa {}
class Mota extends AbinHawa {}
const m = new Mota();

m instanceof Mota       // true
m instanceof AbinHawa   // true
m instanceof Object     // true
```

Mutane da yawa suna karanta `m instanceof Mota` da ma'anar cewa ajin `Mota` ne ya gina `m`, kuma wannan karatun kuskure ne. Abin da harshen yake yi shi ne ya ɗauki `Mota.prototype`, sannan ya bi salsalar `m` mataki-mataki yana duba ko zai tarar da wannan abin takamaimai a cikinta. Ba ya tambayar wanda ya yi ginin. Hujja a kan haka ita ce `Object.create(Mota.prototype) instanceof Mota` yana ba da `true`, alhali maginin ajin, wato fankshin ɗin da ke gudana idan aka kira `new`, bai taɓa gudana ba, kuma duk sifofin da ya kamata ya zuba a cikin abin babu su. A ɗaya ɓangaren, idan da tsohon salo aka rubuta maginin, wato da kalmar `function`, sannan daga baya aka maye gurbin `prototype` ɗinsa da sabon abu, duk abubuwan da aka gina kafin sauyin za su fara ba da `false`, ko da yake babu abin da ya canja a jikinsu.

Babbar matsalar `instanceof` tana bayyana ne idan manhaja tana da muhalli fiye da ɗaya. Kowane `iframe`, wato shafin da aka dasa a cikin wani shafi, yana da nasa `Array`, da nasa `Object`, da nasa `Date`, waɗanda sunansu ɗaya da na babban shafin amma abubuwa ne daban a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Jerin da aka ƙirƙira a cikin `iframe` aka ɗauko shi kai tsaye zuwa babban shafi jeri ne cikakke, yana da tsawo, ana iya zagaya shi, amma `instanceof Array` zai ce `false`, domin salsalarsa tana bi ta wani `Array.prototype` ne daban. Haka abin yake a Node.js, wanda ke gudanar da JavaScript a wajen burauza, ga kod ɗin da aka gudanar ta hanyar `vm`. Akwai kuma wani nau'in wannan matsala da ya fi wuyar ganowa: idan aka shigo da kwafi biyu na kunshin kod guda a cikin manhaja, misali bugu biyu mabambanta, kowane kwafi yana da nasa aji, kuma abin da ɗaya ya gina ba zai wuce gwajin ɗayan ba. Na taɓa ɓata yini guda ina neman dalilin da ya sa ba a kama wani kuskure da aka jefa ba, sai daga baya na gano cewa sunan ajin ɗaya ne a wuraren biyu amma asalinsu biyu ne.

Ka kuma tuna cewa `"salam" instanceof String` yana ba da `false`, tunda tsurar ƙima ba ta shiga wannan gwajin, kuma tun 2015 aji yana iya sauya hukuncin gaba ɗaya ta hanyar `Symbol.hasInstance`. Duk da haka ban ce a guje shi ba. A kan azuzuwan da kai ka rubuta, a cikin muhalli guda, shi ne mafi sauƙin karantawa, kuma a cikin `catch` yana da amfani sosai wajen rarrabe `TypeError` da `RangeError` da kurakuran da ka ƙirƙira da kanka. Abin lura kawai shi ne JavaScript yana barin a jefa kowace irin ƙima, har da rubutu ko `null`, don haka kada ka ɗauka duk abin da ka kama yana da `message`.

Idan ba ka amfani da aji ko magini kwata-kwata, kana haɗa abubuwa kai tsaye da `Object.create`, to `instanceof` ba shi da abin kamawa. A nan `samfuri.isPrototypeOf(x)` ne ya dace, domin tambaya ɗaya yake yi ba tare da bi ta wani fankshin ba, kuma a ganina shi ne ya fi kusa da ainihin ruhin harshen. Sifar `constructor` kuwa ba na ba da shawarar dogaro da ita. Sifa ce ta gado kamar kowace, ana iya rubuta wani abu a kanta, tana ɓacewa idan aka maye gurbin samfuri ba a mayar da ita ba, kuma `constructor.name` yana lalacewa idan aka matse kod aka gajarta sunaye kafin a ɗora shi a intanet.

Yadda aka ƙera cikin abu

Wasu abubuwan harshen suna da ɓoyayyen ciki wanda salsala ba ta nuna shi. Jeri shi ne misali mafi muhimmanci, kuma an warware matsalarsa tun bugu na biyar na ECMAScript a 2009 da `Array.isArray`. Wannan yana duba ƙirar abin ne kai tsaye, don haka yana aiki ko daga wane muhalli jerin ya fito, kuma babu dalilin da zai sa a yi amfani da wata hanya. Yana ba da `false` ga abubuwan da suka yi kama da jeri amma ba jeri ba ne, irin su `arguments` da `NodeList`, waɗanda za a iya juya su da `Array.from`, haka nan yana ba da `false` ga `Uint8Array` da 'yan'uwansa, waɗanda ake gane su da `ArrayBuffer.isView`, amma a sani cewa wannan ɗin yana amsa `true` ga `DataView` ma.

Ga sauran abubuwan, tsohuwar dabara ita ce `Object.prototype.toString.call(x)`, wadda ke ba da `"[object Date]"` ga kwanan wata, `"[object RegExp]"` ga tsarin binciken rubutu, har ma da `"[object Null]"` ga `null`. Shekaru da yawa ita ce hanya mafi amana, kuma har yau tana ƙetare iyakar muhalli lafiya. Amma tun da `Symbol.toStringTag` ya shigo a 2015, kowane abu yana iya sanya wa kansa lakabin da ya ga dama, ta yadda abin da ba shi da alaƙa da kwanan wata zai iya fitowa a matsayin `"[object Date]"`. Azuzuwanka kuma, in ba ka ba su lakabi ba, duka `"[object Object]"` za su nuna. Saboda haka dabarar ta fi dacewa da rubuta bayanin bincike ko saƙon kuskure, ba da hukuncin da tsaron manhaja ya rataya a kansa ba.

Idan kana bukatar tabbaci na gaske, ka aro wani fankshin na asali wanda ba ya aiki sai a kan abin da ke da cikin da ya dace, ka gwada shi a kan ƙimar:

```
function kwananWataNe(x) {
  try {
    Date.prototype.getTime.call(x);
    return true;
  } catch {
    return false;
  }
}
```

`getTime` yana jefa `TypeError` a kan duk abin da ba kwanan wata na haƙiƙa ba, kuma lakabi ko salsalar aro ba za su yaudare shi ba. Ko bayan ya wuce, saura tambaya ɗaya, domin kwanan watan da aka gina daga gurɓataccen rubutu yana nan a matsayin `Date` amma `getTime` ɗinsa `NaN` ne, don haka sai ka ƙara `Number.isNaN` a kai. Mai aiki da Node.js ya huta da wannan wahala, tunda `util.types` yana da `isDate`, `isMap`, `isPromise` da wasu da yawa.

Tun bugun 2022, azuzuwanka ma suna iya samun irin wannan tabbaci ta hanyar sifofin sirri masu farawa da alamar `#`:

```
class Mota {
  #lamba;
  static motaCe(x) {
    return Object(x) === x && #lamba in x;
  }
}
```

Sifar sirri ba a gadonta ta salsala. Tana shiga abu ne kawai lokacin da maginin ajin ya gudana a kansa. Wannan shi ne ya sa `Mota.motaCe` ke amsa tambayar da mutane suke zaton `instanceof` yana amsawa, wato ko wannan ajin ne ya gina abin da gaske. An sanya `Object(x) === x` a gaba ne saboda gwajin yana jefa kuskure idan aka ba shi tsurar ƙima.

Akwai kuma tambayar ko abu fili ne, wato tarin sunaye da ƙimomi kawai wanda ba jeri ba kuma ba ɗan wani aji ba. Ka ɗauki samfurinsa, idan `Object.prototype` ne ko `null`, to fili ne. Halin `null` yana da muhimmanci, domin abin da aka gina da `Object.create(null)` ba ya gadon komai, ba shi da `toString` ba shi da `hasOwnProperty`, kuma ko `instanceof Object` ba ya wucewa. Don haka wajen duba ko abu yana da wata sifa ta kansa, `Object.hasOwn(x, "suna")`, wanda shi ma ya zo a 2022, ya fi aminci.

Abin da abu yake iya yi

Sau da yawa, idan mutum ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa yake son sanin nau'in abu, zai ga cewa bukatarsa ita ce ya san ko zai iya kiran wani fankshin a jikinsa. A irin wannan hali gara a tambayi wannan kai tsaye. Harshen kansa haka yake yi a wurare masu muhimmanci: `await` yana karɓar duk abin da ke da fankshin mai suna `then`, ko daga ina ya fito, kuma `for...of` yana zagaya duk abin da ke da `Symbol.iterator`. Idan ka rubuta `x != null && typeof x[Symbol.iterator] === "function"`, fankshin ɗinka zai karɓi jeri da `Set` da `Map` da abubuwan da wasu za su ƙirƙiro nan gaba, amma ka lura cewa rubutu ma yana wuce wannan gwajin, kuma in ba ka ware shi da `typeof` ba za ka tarar kana zagaya harafi-harafi. Raunin wannan hanya shi ne daidaituwar suna ba ta tabbatar da daidaituwar ma'ana. Abubuwa biyu na iya samun fankshin mai suna `rufe`, ɗaya yana rufe fayil ɗaya yana rufe asusu. Ba JavaScript kaɗai ke da wannan yanayi ba, domin a harshen Lua ma `type` yana kiran duk abin da aka gina da teburi `"table"`, sai mai rubutu ya duba `getmetatable` ko sifofin abin da kansa.

Wurin da wannan hanya ta zama dole shi ne bayanan da suka shigo daga waje. Duk abin da aka mayar rubutu da `JSON.stringify` aka dawo da shi da `JSON.parse` ya rasa zuriyarsa: abin da ya tafi a matsayin `Mota` zai dawo abu fili, kwanan wata zai dawo rubutu, sifofin da ƙimarsu `undefined` ce ko fankshin za su ɓace. Ko `structuredClone`, wanda ke kiyaye `Date` da `Map` da `Set`, ba ya kiyaye samfurin azuzuwanka. TypeScript, harshen da ke ƙara wa JavaScript ayyana nau'i wanda Microsoft ya fitar a 2012, yana taimakawa ƙwarai lokacin rubutu, amma ana share nau'o'insa kafin kod ya gudana, don haka ba ya duba abin da sabar ta aiko. Dole ne a duba siffar bayanin sifa bayan sifa, a daidai inda ya shigo:

```
function karantaMota(rubutu) {
  const x = JSON.parse(rubutu);
  if (x === null || typeof x !== "object" || Array.isArray(x)) {
    throw new TypeError("Ana bukatar abu fili");
  }
  if (typeof x.lamba !== "string") {
    throw new TypeError("lamba: ana bukatar rubutu");
  }
  if (!Number.isInteger(x.shekara)) {
    throw new TypeError("shekara: ana bukatar cikakkiyar lamba");
  }
  return x;
}
```

Idan saƙonnin da ke shigowa iri-iri ne, ka sanya wa kowanne wata sifa, misali `iri`, mai ɗauke da rubutu kamar `"mota"` ko `"keke"`, domin irin wannan lakabi yana tsallake JSON da `iframe` da kwafin kunshi biyu ba tare da ya lalace ba, sai ka yi `switch` a kansa ka duba sauran sifofin da kowane iri ke bukata. Bayan bayanin ya wuce wannan gwajin, nan take ka gina abin ajinka daga gare shi idan kana bukatar fankshin ɗin ajin, ta yadda sauran manhajar za ta yi mu'amala da abin da aka riga aka tantance. Saƙon kuskuren kuma ya ambaci sunan sifar da ta gaza, kamar yadda aka yi da `lamba` da `shekara` a sama, domin wanda zai bi sawun matsalar wata shida nan gaba ya san inda zai fara dubawa.